Ɗiyar da Ba Ta Taɓa Naɗa Gammo Ba

Duk wanda ya zauna a Dutsin-Ma cikin shekarun nan na saba'in, in dai yana shan fura, to ya san Gogo Hawwa'u. Doguwa ce, siririya, ba ta da yawan fara'a. Kullum da hantsi za ka same ta a gindin wata bishiyar bedi kusa da tashar mota, ta sauke ƙwaryarta ta rufe da faifai, tana korar ƙuda da hannu ɗaya. Daga wata ruga ta wajen Karofi take tahowa da ƙafa. Nononta ba ta sirka shi da ruwa, kuma in ka tsaya kana taɓe baki wai ya yi tsami, sai ta ce maka, “Malam, hanya ga ta nan, ba a rufe ta ba.” Duk da haka kafin azahar ƙwaryar ta ƙare.

Abu na biyu da aka san ta da shi ɗaurin kallabi. Biyu take ɗaurawa, ɗaya bisa ɗaya, ta ja shi har gira ta rufe kunnuwa, ko da kuwa tsakiyar bazara ce. Matan kasuwa, ka san su da baki, kowace da abin da take faɗi. Wata ta ce sanƙo ne da ita, wata ta ce laya ce take ɓoyewa, har wata marar tsoron Allah ta rantse wai ƙaho ta gani. Duk ƙarya suke, Allah ya shirye su.

Ƙari ne a kanta. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Wasu kamar wake, wasu kamar goro, masu santsi, ja-ja, gashi ba ya tsira a kansu. Akwai waɗanda suke zaune shiru shekara da shekaru, akwai kuma waɗanda ko iska ta taɓa su sai ta ji har cikin haƙoranta. A kan wannan kai take ɗora gammo da ƙwaryar nono ta yi tafiyar da mai lafiya ma sai ya huta sau biyu.

Ba a kanta abin ya fara ba. A Barkiya aka haife ta, kuma ta buɗe ido ta ga mahaifiyarta da shi. Tana kallo ƙarin nan suka yi ta haɗewa da juna har suka rufe wa tsohuwar kai gaba ɗaya, suka gangaro suka toshe mata kunne, ta koma sai an yi mata magana da hannu. Ƙanwar mahaifiyar ma haka ta ƙare. Shi kuwa yayan Hawwa'u, Mahmuda, uwa ɗaya uba ɗaya, kansa sumul, wanzami ya aske shi ba ko ƙwarzane. Nata na farko ya fito shekara guda bayan an kai ta gidan mijinta Hamma a wajen Karofi, kuma ya fito ne daidai inda gammo yake zama.

To ka ga lissafin da ta yi. Inna ta ɗauki kaya a ka, ta samu. Ƙanwarta ta ɗauka, ta samu. Ita ma ta ɗauka, ga shi. Mahmuda bai taɓa ɗora ko ƙoƙo a kansa ba, sanda kawai yake saɓawa ya bi shanu, ga shi lafiya lau. Wa zai ce mata ba ta yi tunani ba? Ta ƙulla a ranta cewa su irin gidansu fatar kansu ba ta son nauyi, kaya ne yake tada ciwon.

Hamma ya yi bakin ƙoƙarinsa, ba za a ci haƙƙinsa ba. Ya kawo rubutu ta sha, ya kawo saiwoyi aka dafa, ya ɗauko Sabitu wanzami daga Karofi ya zo da zabirarsa ya yanke manyan guda biyu. Ta ciji zane ba ta yi ko tari ba. Wurin ya warke, amma kafin damina biyu wasu uku suka fito a gefen tabon. Sabitu ya dawo ya duba, ya girgiza kai, ya ce, “Gogo, askata ba ta iya wannan ba.” Ya mayar da kayansa ya tafi, ko furar da aka dama masa bai sha ba.

Sau huɗu ta haihu, uku suka koma tun suna goye. Ɗaya ce ta tsaya, mace, wadda aka sa wa sunan mahaifiyar Hamma, shi ya sa kowa yake ce mata Zinariya. Yarinya ce mai gashi, baƙi wuluk, mai laushi, tun tana shekara uku ake kama shi a kitsa. Duk abin da Hawwa'u take so a duniya ya taru wuri guda, wato kan yarinyar nan ya tsira.

Zinariya tana da shekara biyar, wata rana ta ga uwar tana shirin talla, sai ta ɗauki wani ɗan ƙoƙo ta ɗora a ka, tana rangaji tana cewa, “A sayi nono!” Duk wanda ya gani sai ya yi dariya. Hawwa'u ba ta yi ba. Ta zabura ta make ƙoƙon ya faɗi ya tsage, ta ɗauke yarinyar da mari. Wannan ne dukan farko da ta yi mata, shi ne kuma na ƙarshe. Yarinya ta tsandara kuka, uwar ta durƙusa ta kama fuskarta da hannu biyu.

“Ki saurare ni,” in ji ta. “Muddin ina da rai, ko faifai kada ki ƙara ɗorawa a kan nan. Kin ji ko ba ki ji ba?”

Hamma yana gefe yana gyara igiyar maraƙi, ya ɗago ya ce, “Haba, ɗiya mace ce fa. Wa ya taɓa ganin mace ba ta ɗaukar kaya? Ruwa fa? Itace fa?”

“Ni zan ɗauko.”

“Har yaushe?”

“Har ranar da na kasa, Malam. In ta zo sai mu gani.”

Ya san halinta, sai ya ci gaba da igiyarsa.

Faɗi ne da sauƙi. A karkara mace da kanta take aiki kamar yadda take yi da hannunta. Tulu a ka, dami a ka, itace a ka, tasar abincin gona a ka. Duk wannan Hawwa'u ta haɗa da nata ta ɗauka. Shekarar da aka yi fari, saba'in da uku, rijiyar rugar ta ƙafe, sai an je can cikin rafi an tona yashi. Sahu uku take yi da tulu kafin ta ɗauki nono ta kama hanyar Dutsin-Ma. Zinariya tana biye da ita da ɗan bokiti a hannu, rabin ruwan yana zubewa a ƙafarta kafin su iso gida. Da ta ƙara tasawa sai ta koyi ɗora kaya a kafaɗa, yaran ruga suka samu abin tsokana, suka laƙaba mata Bagwariya, da yake matan Gwari a kafaɗa suke ɗaukar kaya.

Tsokanar ba ta dame ta kamar ranar kasuwa ba. Sa'anninta sukan ci ado, su jera da ƙoren nono a ka, farare tas, hannu ba ya ko taɓawa, suna tafe suna hira suna dariya. Ita sai ta tsaya bakin shinge tana kallonsu har su ɓace. Ta roƙi uwar, ta yi kuka, ta yi fushi ta ƙi cin tuwo. Hawwa'u tana jin abin har cikin ranta, wallahi tana ji, amma ko gezau. Wata rana uwar ta dawo talla jini ya jiƙa kallabin ciki, Zinariya ta ce, “Inna, don Allah gobe kaɗai ki bar ni in kai miki.” Hawwa'u ta ce, “Miƙo min ruwan ɗumi, ki rufe min baki.”

Kowace Juma'a da safe tana da aiki guda. Ta zaunar da yarinyar tsakanin ƙafafunta, ta tsefe kitson, ta bi fatar kan da yatsu tun daga goshi har ƙeya, a hankali, tsaga bayan tsaga. In ta gama ba ta ji komai ba sai ta yi ajiyar zuciya ta ce alhamdulillahi, ta shafa mata man shanu ta kitse. Kowace Juma'a irin wannan ƙara mata tabbaci take yi cewa ta gano bakin zaren.

Cikin masu sayen nononta akwai Sista Kezia, wata ma'aikaciyar jinya daga kudancin Zariya, mace gajera mai saurin magana, Hausa a bakinta kamar a nan aka haife ta. Wajen shekarar saba'in da tara, wata rana tana tsaye ana auna mata kindirmo, ta ga jini yana gangarowa ta bayan kunnen Gogo. Ba ta yi shawara da kowa ba, ta sa maƙwabciya ta tsare ƙwaryar, ta ja Gogo har wurin aikinta, ta rufe ƙofa ta ce ta kwance kallabin. Ban da Hamma da Sabitu da Zinariya, ba wanda ya taɓa ganin kan nan. Kezia ta gani, ba ta ja da baya ba, ba ta yi salati ba. Ta wanke, ta sa magani, ta naɗe.

“Gogo, wa kuma yake da irin wannan a gidanku?”

Hawwa'u ta lissafa mata. Ta kuma gaya mata dabarar da ta yi wa Zinariya, tana faɗi da ɗan alfahari, don ba ta taɓa samun wanda zai yaba mata ba.

Kezia ta zauna a kan benci kusa da ita. “Gogo, zan gaya miki gaskiya, kada ki ji haushina. Gammo yana fama miki shi, wannan haka ne. Amma ba shi ya kawo shi ba. Wannan abin gado ne, a jini yake. Wani ɗan ya ɗauko, wani ya tsallake. Yayanki ya tsallake ne kawai.”

“To ɗiyata fa?”

“Allah kaɗai ya sani. Ko ta ɗauko ko ba ta ɗauko ba, an riga an gama tun tana ciki.”

“Ba maganin da za a ba ta tun yanzu?”

“Babu, Gogo. Da akwai da na ba ki.”

Hawwa'u ta miƙe ta ɗaure kallabinta. “Sista, na gode da wankin ciwo. Amma ku 'yan boko komai kuka rasa kansa sai ku ce jini. Shekararta goma sha uku, kanta ko ƙurji babu. Ni na san abin da na gani.” Ta fita ko sallama ba ta yi ba.

Ba wauta ce ta hana ta yarda ba. In kaya ne, akwai abin da uwa za ta iya yi. In jini ne, ita ce ta ba yarinyar da kanta, kuma ba abin da ya rage mata sai kallo. Wace uwa ce za ta zaɓi na biyun tana ganin na farko?

Kezia ta faɗi iyakar abin da aka sani a lokacin. Sai bayan shekaru da yawa masu bincike suka gano inda matsalar take. A jikin kowane ɗan Adam akwai wata ƙwayar gado da take ƙera wani sinadari, shi kuma aikinsa guda ne, ya kwance wata alama da jiki yake ɗaura wa wasu sinadaran. Muddin alamar tana ɗaure, ƙwayoyin fata suna jin umarnin su ci gaba da yaɗuwa, in an kwance sai su dakata. A irin gidan su Hawwa'u mai kwancewar ne ake gadonsa da rauni. Abu ne da ido ba ya gani, ba ruwansa da tulu, ba ruwansa da dami. Amma wa zai gaya wa mai tallar nono wannan a gindin bedi, alhali likitocin kansu ba su kai can ba tukuna?

Kezia ba ta yi zuciya ba. Ita ta matsa har Hamma ya kai matarsa babban asibiti a Katsina, aka cire mata manya guda huɗu. Ta samu sauƙi kusan shekara biyu. Daga nan sababbi suka fito, kamar yadda likitan ya faɗa musu tun kafin ya taɓa ta.

Shekarar tamanin da uku ciwon shanu ya shigo, garken Hamma ya kwanta, saniya uku suka rage. Ko da ma nonon yana nan, kan Hawwa'u ya riga ya ƙi gammo, ko tsumma ta ɗora sai hawaye. Kunnenta na hagu ya fara toshewa. Ta daina zuwa Dutsin-Ma, wata ta gaje gindin bedin. Ruwa kuwa Hamma ne ya koma ɗebowa da safe, dattijo da furfurarsa, mutane suna gani suna kau da kai.

Ana cikin haka Hudu ya fito neman Zinariya. Mutumin Kurfi ne, manomi, yana kuma gyaran keke ranar kasuwa. Yana sonta, tana sonsa, ba wanda ya ja. Sai dai da manyansa suka zo, Hawwa'u ta aika daga bayan zana cewa tana da sharaɗi guda, kuma a faɗa da ƙarfi kowa ya ji. Ɗiyarta ba ta ɗaukar kaya a ka, yau ko gobe, ko da gidan yana cin wuta. Baƙin suka dubi juna. Wani kawun Hudu ya yi dariya ya ce, “To sarauniya za mu kai gida ke nan?” Hudu ya sa aka ce ya yarda.

Ba ta tsaya ga alkawarin baki ba. Ta sa Hamma ya ba da ɗaya daga cikin shanu ukun da suka rage, aka musanya da jaki da mangalarsa. Ranar kai amarya, ga tabarmi, ga ƙore, ga tukwane, ga jaki a baya yana kuka. Mutanen Kurfi sun daɗe suna ba da labarin amaryar da ta zo da jakinta. Hawwa'u ta ji ana dariyar, ta ce su yi ta yi, ai ba kansu ba ne.

Shekara uku ba ta taɓa kan ɗiyarta ba. In Zinariya ta zo ganin gida da kitsonta take zuwa, sabo, ta wuni ta koma. Uwar takan tambaye ta, “Kina dai kiyayewa?” Ita kuma ta ce, “Ina kiyayewa, Inna.” Juma'a ta zama rana kamar kowace, sai dai yatsun Hawwa'u ba su saba da zaman banza ba.

A tamanin da bakwai Zinariya ta dawo gida goyon ciki, da yake haihuwar fari ce. Bayan an gama girbin gero ta sauka, ta samu ɗiya mace, aka sa mata Sa'adiya. Hawwa'u ce ta yi mata wankan jego da kanta, safe da yamma, tana dama mata kunun kanwa, tana faɗa in ta rage. Mutane suka ce ba su taɓa ganin Gogo tana dariya haka ba. Abu ɗaya ne, duk lokacin wanka Zinariya ba ta cire ɗankwali, wai sanyi take ji a ka. Uwar ba ta kawo komai a ranta ba.

Da aka yi arba'in, ana gobe za ta koma Kurfi, Hawwa'u ta shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu da hantsi, ta ɗauko matsefi da man shanu.

“Zo in yi miki kitson komawa.”

“Inna, ki bari, in na je can a yi min. Kada ki wahala.”

“Ni da na yi miki kitso shekara goma sha biyar yau ce zan wahala? Zauna.”

Zinariya ta zauna tsakanin ƙafafunta da jaririyar a cinya. Hawwa'u ta tsefe tsohon kitson, yatsunta suka kama hanyar da suka sani, daga goshi, tsaga bayan tsaga. A bayan kunnen dama suka tsaya. Ɗan abu ne, bai kai ƙwayar wake ba, mai santsi, mai tauri. Ta ɗauke hannu, ta mayar. Yana nan.

“Kin ɗauki kaya,” in ji ta.

“Ban ɗauka ba, Inna.”

“Kin ɗauka! Sun sa ki ɗebo ruwa. Uwar mijin nan taki ce, na san za a yi haka. Ina jakin? Sun sayar ko? Gaya min gaskiya, ba zan yi faɗa ba, sau nawa?”

Roƙo take yi, ba faɗa ba. Da Zinariya ta ce sau ɗaya, ko da ƙarya ne, da uwar ta samu wurin dafawa.

“Wallahi tallahi, Inna, tun ranar da kika fasa ƙoƙon nan ban ƙara ɗora komai ba. Jakin yana nan. Ranar da ya yi ciwo maigidana da kansa ya ɗebo ruwa. Ko faifai ban ɗora ba.” Ta kama hannun uwar ta kai shi ƙeya, ta sake kai shi can sama. “Uku ne. Tun daminar bara na ji su. Na rasa yadda zan gaya miki.”

Hawwa'u ta zauna da hannunta a kan ɗiyarta. Duk shekarun nan na tulu da dami da itace, da marin nan guda, da duk ranakun kasuwar da yarinyar ta tsaya bakin shinge, ba su hana komai ba. Baƙin ciki ya cika ta har ta kasa kuka. Can ta ɗauki matsefi ta ci gaba da tsaga, tana kauce wa wuraren uku, don ba wanda ya fi ta sanin yadda ake yi.

Jaririyar ta motsa. Zinariya ta gyara ta, ta shafa ɗan kanta mai cike da gashi, ta daɗe tana shafawa. Ba ta waiwayo ba ta yi magana, ta ɗaga murya saboda kunnen uwar.

“Inna, ita kuma me zan hana ta?”

Hawwa'u ta ji sarai. Ta leƙa ta kafaɗar ɗiyarta ta dubi jikar, ta duba duk abin da ta sani a duniya, ba ta samu ko ɗaya da za ta ba ta ba.

“Kada ki hana ta komai,” in ji ta. “Sunkuyo in ƙarasa.”